Darasi na 14: Shayi da Natsuwa

Duk wanda ya taɓa zuwa tashar mota da sassafe ya san teburin mai shayi. Mutum ya kan zo a guje, ya ce, "Haɗa mini, da madara da burodi." Mai shayi ya juya daga wannan kofi zuwa wancan don ya huce. Mutumin ya kwankwaɗe a tsaye, idonsa na kan mota, ya biya ya wuce. In ka tambaye shi an jima, "Yaya shayin nan?" ba zai iya gaya maka ba. Bakinsa ne ya sha, hankalinsa kuwa yana can wani wuri.

Yau za mu karanta labarin wani irin shan shayi dabam.

Abzinawa, waɗanda mu kan kira Buzaye, mutanen ƙasar Agadas ne da kewayenta. Tun zamanin kakanni su kan ɗauko gishiri daga Bilma a kan raƙuma, su kawo ƙasar Hausa. Kayan shayinsu ba su da yawa: ɗan murhun gawayi, da 'yar buta, da ƙananan finjalai na gilashi, da koren ganye, da sukari. Ganyen daga ƙasar Sin a ke kawo shi. Itacensa ɗaya ne da na baƙin shayin da mu ke sha a tasha, gyaran ganyen ne ya bambanta. Irin itacen nan a ke nomawa a tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba.

Ga yadda su ke yi. Mai dafawa ya hura gawayi. Ya zuba ruwa da ganye cikin buta, ya ɗora, ya zauna ya jira. In ya tafasa ya sa sukari. Sa'an nan ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya cikin finjali, ya mayar cikin buta, ya sake tsiyayawa, har kumfa ta taru. Ya ɗanɗana. In bai yi ba ya mayar kan wuta. In ya yi, ya fara miƙa wa babba ko baƙo. Sau uku a kan dafa ganyen nan guda. Na farko da ɗaci, na biyu da dama-dama, na uku da zaƙi. Kafin a gama, awa guda ta wuce, wani lokaci ma fiye. Abin da mutum ya sha duka bai cika kofin tasha ɗaya ba.

Wani zai ce, "Wannan ai ɓata lokaci ne." Mu ma da haka mu ka ɗauka. Amma ku dubi mai dafawar da kyau. In hankalinsa ya tafi, butar ta yi ambaliya ta kashe wuta. In hannunsa ya yi rawa, shayin ya zube ƙasa. Dole idonsa da hannunsa da zuciyarsa su taru wuri ɗaya. Wannan shi a ke kira natsuwa, watau hankalin mutum ya zauna kan abin da ya ke yi yanzu, ba kan bashin jiya ko kasuwar gobe ba.

Me ya haɗa wannan da karatu? Da yawa. Wata rana mun je duba aji a wani ƙauye. Akwai wani dattijo da ya yi wata uku yana zuwa, amma har yanzu "b" da "d" su kan rikice masa. Ya ce zai daina. Mu ka ce, "Baba, in kana duban allo, me ka ke tunani?" Ya yi dariya, ya ce, "Malam, taki." Ashe ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Ya kan zo aji daga gona kai tsaye, da gumi, da lissafin taki a kai, harafi bai sami wurin zama ba. Malamin ajin ya shawarce shi ya riƙa zama kaɗan a gida kafin ya taho, ya sha abin sha a hankali, ba tare da magana ba. Bai zama malami dare ɗaya ba. Amma bai daina ba, kuma da kaka ya rubuta sunansa da hannunsa.

Ba karatu kaɗai ba. Mai gaggawa shi ke dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Shi ke furta wa iyalinsa maganar da zai yi shekara yana neman gyarawa. Hausawa sun ce, sauri ya haifi nawa.

Mutanen Japan ma sun san wannan. Akwai wani gwanin shayi a can mai suna Sen no Rikyu, ya rasu a 1591. Ɗakin shayinsa ƙanƙane ne, ƙofarsa kuwa sai an durƙusa a ke shiga. Barde sai ya ajiye takobinsa a waje. Har yau a na koyar da hanyarsa.

To, ba sai kun sayi finjali ba. Wanda ba shi da ganye, koko ko kunu ya isa. Ku zaɓi lokaci ɗaya kullum, da hantsi ko bayan la'asar, minti goma sha biyar. Ku kashe rediyo, ku ajiye waya a ɗaki. Ku haɗa da kanku, kada ku aiki yaro. Ku saurari ruwa yadda ya ke fara kuka kafin ya tafasa. Ku riƙe kofi da hannu biyu, ku ji ɗuminsa, ku shaƙi ƙamshi, ku kurɓa kaɗan-kaɗan.

Za ku ga hankali ya gudu. Lalle zai gudu, na kowa haka ya ke. Kamar akuya ne, ta ga ganye ta bi. Ba a dukanta, sai a jawo igiya a hankali a mai da ita turke. In ya gudu sau ashirin, ku dawo da shi kan kofi sau ashirin. Dawowar nan ita ce aikin.

Magidanta, kada ku ce wannan na maza ne. Uwargida da ta tashi tun asuba tana daka da ɗibar ruwa ta fi kowa bukatar zaman nan. A karɓi goyo a ba ta minti goma sha biyar nata.

Sai gargaɗi kaɗan. Shayi mai ƙarfi ya kan hana barci, kada ku sha dab da kwanciya, kada kuma ku ba ƙananan yara. Sukari mai yawa ya kan ɓata haƙori, mai ciwon sukari kuwa ya bi abin da likita ya gaya masa. Shan shayi tare da abinci ya kan rage amfanin sinadarin ƙarfe da jiki ke samu don yin jini, saboda haka mai ciki da mai ƙarancin jini su bari sai kamar awa guda bayan cin abinci.

Aikin aji

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: shayi, buta, gawayi, kumfa, natsuwa.

Sau nawa Abzinawa su kan dafa ganye guda?

In mutum ya zauna minti 15 kullum, minti nawa ke nan a mako? Awa nawa da minti nawa?

Ku gwada zaman nan kwana bakwai. Ran aji mai zuwa kowa ya gaya mana inda hankalinsa ya fi gudu.