Kafin Ka Sauya wa Karenka Abinci, Ka Sa a Duba Fatarsa

Tambayar da masu karnuka suka fi kawo mana a aikin likitancin dabbobi, ko karen gadi ne, ko na farauta, ko irin 'yan ƙasar wajen nan masu tsada, ita ce: wane abinci zan saya don gashin karena ya daina zuba? Tambaya ce ta mai tausayin dabbarsa, sai dai ta tsallake mataki. Abinci yana gyara fatar da abinci ya lalata ne kawai, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu, yawancin karnukan da gashinsu ke saɓulewa wani abu ne daban yake cin su. Duk wanda ya fara da sayen buhun abinci mai tsada bai san sanadi ba, zai yi asarar kuɗi, karen kuma ya ci gaba da susa har fatar ta zama gyambo.

Inda gashin ya fara zuba shi ne shaida ta farko. Ƙuma ta fi ɓarna a gadon baya da gindin wutsiya, kuma karen da jikinsa ba ya jure yawunta, cizo kaɗan ya isa ya hana shi sakat. Ƙazuwar da ƙwaron Sarcoptes ke haddasawa takan fara daga gefen kunnuwa da gwiwoyi da ciki, da ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutanen gida su fara susa su ma. Ƙwaron Demodex ya fi kama 'yan kwikwiyo, yana aske kewayen ido da baki, sau da yawa ba tare da ƙaiƙayi ba. Makero yana fitowa zagaye-zagaye da ɗan ɓawo, kuma yara suna ɗauka. Idan kuwa babban kare ne ya yi ƙiba da kasala, gashi ya zube daidai wa daida a ɓarin dama da hagu ba ya ko susa, to hankalinmu yana komawa ga maƙoƙon wuya da sauran cututtukan cikin jiki. Abin da muke yi don neman ƙwari a fata ba shi da wuya: a kankari fatar da 'yar wuƙa har jini ya ɗan tsatso, a ɗora abin da aka kankaro a kan gilashi da ɗigon mai, a duba a madubin likita. Babu abincin da ke kashe ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙwari. Baƙin mai da fiya-fiya da wasu ke shafawa kuwa guba ne, suna ƙona fata, karen ya lashe su shiga cikinsa.

Wani zai ce, to ashe abinci ba shi da hannu ke nan? Yana da shi, kuma a gidajenmu hannunsa babba ne, amma ta fuskar rashi. Gashi kusan dukkansa furotin ne, fata kuma tana buƙatar maiƙo da sinadarin zink. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta sa mafi ƙarancin furotin a abincin babban kare kashi 18 cikin ɗari idan an cire ruwa, na kwikwiyo kashi 22.5, maiƙo kuma kashi 5.5 da 8.5. Karen da ake zuba wa ƙanzo da ragowar tuwo da dusa kullum da wuya ya kai wannan. Ƙari a kan haka, dusar hatsi tana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe zink ya hana hanji tsotsarsa. Irin wannan kare za ka ga gashinsa ya dushe, ya bushe yana karyewa, amosani ya rufe baya, wani lokaci ɓawo mai kauri ya fito a baki da ido da tafin ƙafa. Shi ne wanda abinci zai tayar, kuma ba sai da buhun waje ba: dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, kayan ciki, ɗan hanta jefi-jefi, tare da maganin tsutsar ciki. A dafa ƙwan, domin ɗanyen farinsa idan ya yawaita yana hana jiki amfana da bitamin ɗin biotin da fata ke buƙata. A kuma daina juye masa miya mai albasa da tafarnuwa, suna lalata jinin kare.

Sai batun aleji, wanda a kansa ne tallace-tallacen intanet suka fi ruɗa mutane da abincin da aka rubuta wa cewa babu hatsi a ciki. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara rahotannin karnukan da aka tabbatar abinci ne ke tayar musu da ciwo, ya nuna naman shanu ne kan gaba, sai madara, sai kaza, sannan alkama. Ke nan wanda ya guje wa hatsi ya sayi buhun da aka yi da kaza ko naman shanu, mai yiwuwa ya sayo ainihin abin da ke damun karensa. A 2018 ma hukumar FDA ta Amurka ta sanar da bincike kan ko irin wannan abinci, mai yawan wake da dankali, yana da alaƙa da wani ciwon zuciya a karnuka. Ba a tabbatar shi ne sanadi ba, amma ya isa ya hana mu ba da shi haka kawai. Gwajin jini ba abin dogaro ba ne wajen gano alejin abinci. Hanyar da ta tabbata ita ce a zaɓi nama guda da karen bai taɓa ci ba, kamar zomo, a haɗa da abu guda kamar dankalin Hausa, a ba shi su kaɗai na mako 8. Idan susa ta lafa, a mayar masa da tsohon abincin. In ta dawo, an kama mai laifi. A babban gida wannan gwaji yana da wuyar riƙewa, domin ƙashi guda da yaro zai jefa masa zai rushe aikin, don haka sai an sanar da kowa har mai gadi.

Na san ana kukan kuɗin ganin likita, kuma kuka ne na gaskiya. Amma a lissafa: kankarar fata sau ɗaya da maganin ƙwari da ya dace sukan fi sauƙi a kan buhu biyu ko uku na gwaji. Kada a ɗauki allurar ivermectin ta shanu a yi wa kare da ka, domin akwai jinsuna irin su Collie da take iya kashewa. Wanda kuma zai sayi abincin buhu, ya duba ko an rubuta cewa cikakke ne ga shekarun karensa, ya duba ranar lalacewa, ya guji wanda aka farke ana aunawa a leda a rana, domin zafi yana ɓata maiƙon da aka saya don shi. Ya sauya a hankali cikin mako guda don gudun zawo, sannan ya ba fatar wata biyu zuwa uku kafin ya yanke hukunci, saboda gashi ba ya tsirowa da gaggawa ko da an dace da magani.