Rana ma dukiya ce

Kowace jiha tana da tsarin raya arzikinta. Masu tsari sukan fara duba abin da jihar ta mallaka. Jihar Tawa tana da albasar Galmi, da masana'antar siminti a Malbaza, ga kuma rana mai ƙarfi.

Amma masana'anta da firijin asibiti ba su aiki sai da lantarki. A shekarar 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza. Ƙarfinta megawat 7 ne. Faranti masu yawa suna kama hasken, su mai da shi wuta.

In wuta ta samu, sana'a ta samu, samari su rage tafiya cin rani.

Tambaya: Mi jiharku ta mallaka?