Darasi Kan Shekarun Tsanani A Kwarin Rima

 

Ya kai mai karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi abin da ke samun jama'a da shugabanninta idan arzikin ƙasa ya karye. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, waɗanda kogin Rima da na Sakkwato suke shayar da fadamunsu.

A shekarar 1981 farashin man fetur ya soma faɗuwa a kasuwar duniya. Cikin Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Sai ga fari a 1983 da 1984, ga kuma ciwon bushiya da ya halaka shanu masu yawa. Gero bai yi ba, dabba ta mutu, malamin makaranta ya yi watanni bai ga albashi ba. An gama ginin madatsar ruwan Goronyo a 1984, daidai lokacin da baitulmali ya ƙafe, amma ba a buɗe ta ba sai 1992. A 1985 naira ɗaya ta kusa daidai da dala ɗaya, amma bayan da gwamnatin Janar Babangida ta karya darajarta a 1986, sai da mutum ya ba da wajen naira huɗu kafin ya karɓi dala.

Ɓarnar da wannan ta yi wa zaman jama'a ta fi wadda ta yi wa aljihu. Cin rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Sakkwato: magidanci ya fita bayan kaka, ya komo kafin shuka. To, a waɗannan shekaru da yawa sun fita ba su komo da wuri ba, mata da tsofaffi suka rage a gida. Talaka ya sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye a kan kara, wani ya jinginar da fadamar da ya gada. Mai kuɗi ya saye hatsi da kaka ya kulle, yana jiran bazara. Hadisi ingantacce ya kira mai wannan aiki mai saɓo, ko da kuwa shi ne ke sahun farko a masallaci.

Ta fuskar mulki ma ba a tsira ba. A Janairun 1983 aka kori baƙi marasa takarda, ranar 31 ga Disamba na shekarar soja suka hamɓare gwamnati, a 1984 kuma aka rufe iyakoki, abin da ya raba mutanen gabashin Sakkwato da kasuwannin 'yan'uwansu na Nijar.

Musulunci bai bar wannan babi ba bayani ba. A shekara ta 18 bayan Hijira yunwa ta auka wa Madina da kewayenta, har aka kira ta Shekarar Toka. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya haramta wa kansa man shanu sai jama'a sun ƙoshi. Ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci. Ya jinkirta karɓar zakka, ya kuma ɗage haddin sata ga wanda yunwa ta tilasta. A lura fa, da kansa ya fara kafin ya nemi haƙurin talakawa. Wannan tsari ne shugabannin zamani suka juya.

Ba ma sai mun tafi nesa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, ya rasu can a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa. A ciki ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da masu sana'a, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da sa jama'a su tanadi abinci. Wato a wurinsa cikin talaka yana cikin aikin sarauta. Duk wanda ya ga yadda 'yan bindiga suka afka wa Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018, da kasuwar Goronyo a 2021, ya san cewa idan aka bar yunwa da zalunci suka daɗe tare, ba gona kaɗai suke cinyewa ba.

Saura hakkin da ke kan manomin da Allah Ya ba shi. Idan gero ko dawa ko shinkafa suka kai nisabi, wato wusuƙi 5, ana fitar da ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, da ɗaya cikin 20 ga abin da aka shayar da jigo ko injin ban ruwa. A mazhabar Imamu Malik albasa da tafarnuwa ba su da zakkar amfanin gona, amma kuɗinsu idan ya kai nisabi, shekara ta zagayo yana hannu, to, zakka ta hau kansa. Manoman rani na Wurno da Goronyo da yawa sukan riƙe kashin farko na wannan hukunci, su manta da na biyu.