Ƴar robar da ke riƙe da ran inji

Ƴaƴana, ku matso kusa. Mu mutanen Arewa ba a bakin kogi muka tashi ba, ruwanmu yana ƙarƙashin yashin Dallol Mauri. Amma da aka rufe gadar Gaya a 2023, kwale-kwale ya zama hanyar ƙetarawa Malanbil, samarinmu na Dogon Dutse da Tibiri suka yi ta gangarawa neman abinci da tuƙin jirgin ruwa. Shi ya sa nake son mu yi ƴar magana.

Mutum yakan dubi injin jirgi ya ga ƙarfe, hankalinsa ya kwanta. Alhali kuwa ransa yana hannun wata ƴar farfela ta roba wadda ba ta cika tafin hannu ba, tana ɓoye cikin ƙafar da ke nutse a ruwa. Ita ke jawo ruwan kogi ya sanyaya inji. In ka tada shi a tudu, ko na minti guda ne, sai ta ƙone. In kana yawan bi ta inda ruwa ya janye, yashi yana cin ta sannu a hankali. Shaidar lafiyarta ita ce siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji. Kowace safiya ka dube shi kafin mutum ɗaya ya sa ƙafa a jirginka. Ran da ka ga ya yi rauni, kashe inji, a canza farfelar a bakin gaɓa.

Ni a lambu na koyi wannan darasi. Wata shekara na bar injin ban ruwa da tiyonsa a fili, ranar bazara tana dukansu. Roba ta bushe ta tsattsage, inji ya riƙa jan iska, dankalina ya kwana uku bai sha ba. Na sayi mai araha na maye, kafin wata ya zagayo ita ma ta tsage. Araha dai ba ta ado.

Tawa asarar dankali ce, ana sake shukawa. Ku rayuka kuke ɗauka. Ku rufe tankin mai da tiyonsa daga rana, ku sayi kaya na ainihi, ku ajiye farfela guda a akwati. Allah Ya kai ku gaɓa lafiya, Ya yi muku albarka.