Kada Bindiga Ta Kwana a Ɗure

Ba sai an koya wa mutumin Boɗinga ko na Shagari riƙon bindiga ba. A ajinmu akwai mafarauta, akwai 'yan sintiri, akwai masu gadin gona. Kun san albarushi, kun san ɗuri, kun san yadda bindigar toka ke naushin kafaɗa. Abu guda ne wannan darasi zai nanata: kada bindiga ta kwana a ɗure cikin gida.

Bari mu fara da doka a taƙaice. Dokar bindigogi ta Nijeriya tun 1959 take. Ta kasa bindigogi gida uku. Bindigogin yaƙi ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani, lasisinta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, al'amarinta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba shi lasisi. Haka mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi. Ƙaramar hukuma ba ta ba da lasisi, amma ita ce kusa da ku. Idan akwai damuwa, a faɗa wa mai unguwa, ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa ko baturen 'yan sanda na yankin. Wannan kun san shi, mu wuce.

Ga abin da ke faruwa a gidajenmu. Maigida ya dawo daga sintiri da asuba, barci cike da ido. Ya jingina bindiga bayan ƙofa, ya miƙe kan tabarma. Uwargida tana dama kunu, ta leƙo.

"Malam, bindigag ga ɗure take?"

"Ɗure take mana. In ɓarayi sun zo, sa'an nan zan tsaya neman albarushi?"

"To, ɗiyan ga fa? Jiya na ga ƙaraminsu shina jan ta da igiya, wai jakinai ne."

"Ke dai kin cika tsoro. Wa ya ce su taɓa?"

"Yaro ba ya jiran a ce, Malam. Rannan ma kaza ta bi ta wurin, ta kayar da ita, ta faɗi baki na kallon murhu. Ni ce ke tsugune a wurin."

Maigida ya ja mayafi ya rufe kai. Uwargida ta ajiye ludayi, ta kira ƙanen mijinta daga zaure. Ta ce, "Don Allah ɗauke ta, ka bi da ita bayan gari, ka sauke ta." Ya fita da ita baki na kallon ƙasa. Da ya dawo, ta sa ya rataye ta can sama cikin ɗakin da ake kullewa, ta ɗaure mabuɗin a bakin zanenta. Albarushi kuwa ta zuba shi cikin gwangwani mai murfi, ta kai wani ɗaki daban, nesa da murhu da fitila. Da maigida ya farka ya yi ta ƙunƙuni. Ta miƙa masa kununsa, ba ta tanka ba.

Matar nan ta yi daidai. Bindigar toka ba ta da makullin kariya irin na bindigar zamani. Faɗuwa kaɗai tana iya tayar da ita. Yaro ɗan shekara shida yana iya jan kunama. Mai sharar ɗaki yana iya ture ta. Ɗurin da ya daɗe kuma yana shan raɓa, a ja kunama ya yi shiru, sai mutum ya juyo da bakin don ya duba, sa'an nan ta tashi. Akwai kuma mai manta cewa ya ɗura, ya ƙara wani ɗurin a kai, bututu ya fashe a hannunsa. Duk wannan daga kwana a ɗure yake farawa. Kada bindiga ta kwana a ɗure.

Wasu maƙwabta in ka yi magana sai su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wannan magana tana ɓata mini rai ƙwarai. Kai ne ka ɗura, kai ne ka jingina inda yara ke wasa, sa'an nan ka ɗora wa ƙaddara? Su ne kuma masu harbi sama ran biki ko ran suna, tsakiyar mata da yara. Abin da aka harba sama ƙasa zai dawo, kuma ba ya zaɓen kai. Ga firgita mutane. A wannan zamani na 'yan bindiga, ƙara ɗaya da dare a Sifawa ko Kajiji ta isa ta sa unguwa ta watse, tsoho ya faɗi, mai ciki ta shiga wahala. In dole ne a sauke ɗuri, a yi da rana, bayan gari, a saita baki ga tudun ƙasa, kuma a sanar da mai unguwa tukuna. Sa'an nan a shigo da ita gida babu komai a ciki. Ko ka gaji, ko ruwa ake yi, kada ta kwana a ɗure.

Idan harbi ya sami mutum, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗauke shi nan take zuwa asibiti mafi kusa. Kada a zuba toka ko ƙasa, kada a tono harsashi da wuƙa. Kada kuma a ɓoye shi a ɗaki don tsoron hukuma. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, asibitin ne zai sanar da su daga baya. In raunin ya yi tsanani, za a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma babbar hanyar da ta ratsa Shagari da Boɗinga can ta nufa.