Masu Gudun Sanyi a Cikin Jirgin Ruwa

Jama'a, kun san cin rani. In an gama aikin gona, mutum ya kan bar gida, ba ya komowa sai damina ta kusa. To, a ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane masu irin wannan tafiya, amma su ba neman kuɗi ke fid da su ba. Sanyi ne ke korarsu.

A arewacin Amurka da Kanada hunturu yana da tsanani ƙwarai. Ƙanƙara ta kan rufe ƙasa, har ruwan kogi ya daskare. Saboda haka in watan Oktoba ya kama, masu ƙananan jiragen ruwa su kan ɗaura niyya su nufi kudu, wajen jihar Filorida, inda rana ke da zafi. Da yawansu tsofaffi ne da suka huta da aiki. Jirgin shi ne ɗakinsu, a ciki su ke dafa abinci, a ciki su ke kwana.

Hanya biyu ce a gabansu. Ta farko ita ce Tekun Atlantika. Tana da sauri, amma akwai hadari. A daidai wani wuri da a ke kira Hatteras, iska da igiyar ruwa da tarin yashi sun hallaka jirage da yawa, har a ke yi wa wurin laƙabi da maƙabartar teku.

Ta biyu ita ce hanyar cikin ƙasa. Kusa da bakin teku akwai koguna da tafkuna da fadamu. Sai aka haƙa magudanai aka haɗa su, suka zama hanya ɗaya. Daga birnin Norfolk zuwa birnin Miyami wajen mil 1,090 ne. Injiniyoyin sojan Amurka su ke lura da ita, su ke kwashe yashi.

Haƙar nan kuwa ba da sauƙi aka yi ta ba. Akwai wani yanki mai tsawon mil 22 da ya ratsa fadamar Dismal. An fara haƙarsa a 1793, aka buɗe shi a 1805. Bayi baƙar fata suka haƙa shi da hannu, suna tsaye cikin taɓo, ga sauro, ga macizai. Wanda ya bi wurin yau cikin jin daɗi, guminsu ya ke ci.

Hanyar ta yi amfani a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa sun nutsar da jirage da dama a gaɓar Amurka, amma ba su iya shiga hanyar cikin ƙasa ba.

Mai bin wannan hanya sai ya yi haƙuri. A yini ɗaya ya kan ci wajen mil 50, in rana ta faɗi ya tsaya ya kwana. Tafiyar ta kan ɗauki mako 3 ko 4, ko fiye. Waɗansu gadoji sai an ɗaga su kafin jirgi ya wuce, dole ya jira lokacin buɗewa.

Kuma sai ya buɗe ido. An kafa alamu a ruwa, ja da kore, kowace da lambarta. Mai tafiya kudu ya kan bar ja a hannun dama, kore a hagu. In ya yi sake ya kauce, sai jirgin ya kafe a yashi. A jihar Jojiya ruwa ya kan hau ya sauka sau biyu kowace rana, bambancin ya fi tsayin mutum. Wanda ya kafe lokacin da ruwa ke janyewa, sai ya zauna sa'o'i yana jiran ya komo.

Kun ga dai, sun bar hanya mai sauri sun kama mai lafiya. Tafiya sannu sannu, kwana nesa.

Tambayoyi

1. Me ke korar mutanen nan daga arewa?
2. Don me ba su bin teku?
3. Su wa suka haƙa magudanar fadamar Dismal?
4. Mai tafiya kudu, a wane hannu ya ke barin jar alama?
5. In jirgi yana cin mil 50 a yini, mil nawa zai ci a kwana 10?