Saƙon da Ke Sauya Hannu a Zangon Ƙarshe

A sana'armu ta jigilar kaya da raba su gida-gida, babu inda ke cin kuɗi da ƙarfin mutum kamar zangon ƙarshe, wato daga sito zuwa ƙofar mai kaya. Ɗaukar fakiti dubu daga wannan birni zuwa wancan a tirela ɗaya ba wani abu ba ne, direba ɗaya ne, hanya ɗaya. Amma da zarar an sauke, kowane fakiti da tasa ƙofar, kowace ƙofa kuma sai an tsaya, an sauko, an taka. Wannan tsadar ce ta sa manyan kamfanonin Amurka suka shafe shekaru suna ɗauko ƙananan kaya har garin mai su, sannan su miƙa wa gidan waya na gwamnati ya ƙarasa. FedEx ya sayi wani kamfani mai suna Parcel Direct a 2004, ya mayar da shi SmartPost, UPS kuma ya yi nasa tsarin da sunan SurePost. Direbobin UPS sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan miƙa kaya, mutane da yawa kuma sun ɗauki kukan a matsayin kishin abinci kawai. Ni a ganina suna da gaskiya, kuma gaskiyarsu ta wuce batun albashi. Matsalar ita ce an raba amanar kaya gida biyu ba tare da an tsayar da wanda zai amsa tambaya idan ta salwanta ba.

Ga yadda abin ya kasance a aikace a tsarin SurePost. Fakitin yana fitowa daga hannun mai sayarwa da takarda ɗaya manne a jikinsa, amma lamba biyu ke kanta: ta UPS, wadda ke farawa da 1Z, da kuma wata doguwa ta gidan waya. A sito ana ware irin waɗannan ƙananan kaya a zuba su cikin manyan buhuna, kowane buhu da sunan ofishin gidan wayar da za a kai shi. Direba ya loda buhunan tare da sauran kayansa, ya biya ta ƙofar baya ta gidan waya ya sauke. Bai buɗe buhun ba, bai san fakiti nawa ne suka fashe a ciki ba, abin da ke gabansa buhu ne ɗaure. Daga nan kayan sun bar hannunsa, sai ma'aikatan gidan waya sun kwance, sun ware, sun haska kowace lamba da na'urarsu kafin fakitin ya sake bayyana a wayar mai jiransa. Yawanci wannan yana ƙara kwana guda ko fiye a kan tafiyar. Tsarin ba ya ɗauke da alkawarin mayar da kuɗi idan an makara, ba a kuma neman sa hannun mai karɓa. Duk wanda ya yi aikin raba kaya ya san cewa a irin wannan tazara, tsakanin saukewa da sake haskawa, kaya suka fi yin ɓatan dabo.

Dalilin kamfanoni ba ɓoyayye ba ne, kuma ba na banza ba ne. Gidan wayar Amurka yana zagaya adireshi sama da miliyan 160 kwana shida a mako, ko da wasiƙa ɗaya ce za a kai ƙauyen da ke bayan dutse, domin doka ta ɗora masa hidimar kowa. Dokar ƙasar kuma ta keɓe masa akwatin wasiƙun da ke ƙofar gidaje, direban kamfani ba shi da ikon saka komai a ciki. Mai raba wasiƙu zai iya jefa ƙaramin ƙunshi a akwati ba tare da ya sauko daga mota ba, shi kuwa direban kamfani sai ya taka har bakin ƙofa. Idan mutum zai bi ta layin ko ta yaya, ƙara masa fakiti ɗaya ya fi arha a kan tura wata mota daban. A lissafin takarda babu mai ja da wannan.

Sai dai takarda ba ta nuna abin da ya rage a motar direba bayan an tsame masu sauƙin. UPS yana karɓar fakiti har mai nauyin kusan kilo 68. Idan aka kwashe ambulan da ƙananan kwalaye aka ba wani, abin da ke saura shi ne katifa, tayar mota, buhun abincin kare, kayan da ke cin ƙugu da gwiwa. Sannan ga abin da ya fi ɓata musu rai: direba ya sauke buhu a gidan waya da safe, da rana ya kai babban kwali wani gida, alhali a cikin buhun nan akwai ƙaramin fakitin wannan gidan, wanda ba zai isa ba sai gobe a wata motar. Hujjar da aka kafa tsarin a kanta, ta hana mota biyu zuwa ƙofa ɗaya, a nan ta juye ta zama akasinta. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, wadda a 2023 take wakiltar ma'aikatan kamfanin kimanin 340,000, ta dage har aka rubuta a yarjejeniya cewa kayan da za a miƙa wa gidan waya kada su wuce kimanin kilo 4.5, kuma idan direba zai je adireshin dama, a mayar masa da fakitin ya kai da kansa. A yarjejeniyar shekara biyar da aka ƙulla a 2023, ƙarƙashin shugabancin Sean O'Brien, an ƙara matse wannan iyaka.

Za a ce ai wannan duk kare guraben aiki ne. Haka ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Ma'aikatan UPS da suka yi yajin aikin kwana 15 a watan Agusta na 1997, su 185,000, a kan yadda ake mayar da cikakken aiki na wucin gadi suka yi shi, saboda haka sun san yadda aiki ke zurarewa sannu a hankali. Kowane buhu da aka sauke a gidan waya wani yanki ne na hanyar da da wani matashi mai lodi a sito zai samu ya zama direba. Amma kasancewar mutum yana da moriya a magana ba ya mayar da maganar ƙarya. Abin dubawa shi ne ko abin da direban ke nema ya yi daidai da abin da mai kaya ke buƙata, a nan kuwa sun haɗu: dukansu suna son fakiti ya zauna a hannu ɗaya daga sito zuwa ƙofa, ko kuma idan dole ya sauya hannu, a san wanda ya karɓa da lokacin da ya karɓa.

Wannan shi ne zuciyar maganar. Mai saye ya ga sunan kamfani a saƙon da aka turo masa, saboda haka idan kaya suka makara, direban da ya saba gani a layinsu zai tare. Direban ba shi da amsa, domin na'urarsa ta daina ganin fakitin tun da ya sauke buhu. Mai saye ya kira kamfani, a ce masa an miƙa wa gidan waya. Ya je gidan waya, a ce masa bai shigo hannunsu ba tukuna, ko kuma a ce ya koma ga wanda ya aiko. Babu wanda ya yi masa ƙarya a cikinsu, kowa iyakar abin da allonsa ya nuna ya faɗa, amma mutumin ya koma gida ba kaya ba bayani. Sunan da direba ya gina a unguwa cikin shekaru, na cewa shi mai kawo kaya ne a kan lokaci, yana zubewa a kan aikin da ba shi ya yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa kukan direba zargi ne ga mai raba wasiƙu. Shi ma yana cikin matsin. Wasiƙu masu daraja ta ɗaya sun kai ƙololuwarsu a 2001, sama da biliyan 100 a shekara, tun daga nan suka ragu da fiye da rabi, gidan waya kuwa da kuɗin tambari da hidimarsa yake gudanar da aiki, don haka ya rungumi fakiti domin cike giɓi. Tun 2013 ya fara kai wa Amazon kaya har ranar Lahadi. Amma motocin da ma'aikatansa da yawa suka daɗe suna tuƙawa an ƙera su ne tsakanin 1987 da 1994, domin wasiƙu aka yi su, ba su da na'urar sanyaya iska, ba su da wurin tara kwalaye. Wanda ya sauke buhun da wanda ya ɗauka duk ba su ne suka yanke farashi ko suka tsara adadi ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce arha, cewa ba don wannan tsari ba da kuɗin aike ya fi ƙarfin mai sayen ƙaramin abu. Abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya nuna cewa arhar aro ce, mai ita yana iya karɓe abinsa. FedEx ya fara janye kayansa daga gidan waya a 2019, a 2021 ya sauya wa tsarin suna zuwa Ground Economy. Shi kuma gidan waya, a zamanin shugabansa Louis DeJoy, ya fito da nasa tsarin na Ground Advantage a 2023, ya kuma fara janye rangwamen da yake yi wa masu kawo masa kaya a buhu, tunda yanzu abokan gasarsa ne. Da kwangilar SurePost ta ƙare a ƙarshen 2024, UPS ya koma kai kayan da kansa, daga baya ya raɗa wa tsarin suna Ground Saver. Amma a nan dole a faɗi ɗaya ɓangaren: nan take masu karɓar kaya ta akwatin haya na gidan waya da sojojin da ke sansanonin ƙetare suka fita daga tsarin, domin gidan waya kaɗai ke isa gare su. UPS ma ya amsa cewa kai kayan da kansa ya ci masa kuɗi fiye da yadda ya zata, kafin ƙarshen 2025 kuma ya sanar cewa ya sake fahimtar juna da gidan waya. Ke nan miƙa kaya ba zai gushe ba, akwai wuraren da ba makawa sai da shi. Abin da za a yi jayayya a kai shi ne sharuɗɗansa, kuma direbobin sun riga kowa faɗin su: a taƙaita shi ga ƙananan kaya da wuraren da motar kamfani ba ta zuwa, a haska kowane fakiti a lokacin miƙawa maimakon a dogara da buhu, a gaya wa mai saye tun wajen biya wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, kamfanin da ya karɓi kuɗin kuma ya ci gaba da ɗaukar alhaki har kaya su isa.

Maganar ta shafe mu ta hanya biyu. Masu sayo kaya daga Amurka ta hannun dillalan da ke tara su a sito kafin a turo Najeriya ko Nijar su riƙa neman lambobin nan biyu tun farko, domin idan ta kamfani ta tsaya cak, sau da yawa ta gidan waya ce ke ci gaba da motsi. Sannan irin wannan sauya hannu shi ne aikinmu na kullum a nan: mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta ba ɗan babur, ɗan babur ya kai tasha ya ba direban motar haya, a can wani yaro ya karɓa, galibi ba abin da ke tsakaninsu sai lambar waya da aka rubuta a jikin leda. Ɗan babur da ke da rajista da kamfani, kamfanin kuma da lasisin hukumar gidan waya ta NIPOST, shi ne za a fara nema idan kaya suka ɓace, ko da a hannu na uku suka ɓace. Saboda haka kada ya bar tasha sai ya ɗauki hoton kayan a hannun wanda ya karɓa, da lambar motar, ya tura wa mai aikowa da mai karɓa a lokaci ɗaya. Masu kamfanonin kuma su rubuta a takardar karɓar kaya inda alhakinsu ya tsaya da abin da za su biya idan an yi asara, su karanta wa abokin ciniki kafin ya miƙa kuɗinsa.